Gwaggo Sista: Ba a Tafiya Sai An Ce Na Karɓa

Dukanmu na Allah ne, wurinsa kuma muka nufa. Gwaggo ta riga mu isa ranar wata Laraba da hantsi, cikin damina, a ɗakinta na gidanmu na gado. Yayar mahaifinmu ce. Mutanen gari ba su san ta da Gwaggo ba, Sista suke ce mata, domin ita ta riƙe ɗakin haihuwa da ɗakin shan magani tun garin nan yana amsa sunan Abuja, kafin a karɓe mana sunan a kai wa sabon birnin da ake saran dajinsa, a ce mu dinga cewa Suleja.

An yi taro a makokinta, ba zan yi ƙarya ba. Tabarmi sun ƙare har sai da aka aro na maƙwabta. An zo daga Izom, an zo daga Lambata, waɗanda ta koyar sun cika mota daga Minna. Amma na zauna ina karɓar gaisuwa har aka yi sadakar uku, kunnena a buɗe, ina jiran kalma ɗaya, ban ji ta ba. Kowa ya durƙusa sai ya ce, "Allah ya ji ƙan Sista, ta iya aiki." Wata ta ce, "Kai, Sista ba wasa." Babu wanda ya ce mutuniyar kirki ce. Mu da ko ɓarawon akuya ne ya mutu sai mun samo masa wani hali mai kyau mun yaba, Gwaggo ba ta samu ba.

Kuka kuwa mutum ɗaya na ga ya yi, tsohon direban motar asibiti. Na hango shi ta ƙofar zaure yana share ido da hularsa.

Rabin matan da suka zo, abin da ya kawo su daban ne. Da an shafa fatiha sai mace ta matso kusa da ni ta rage murya: "Malama, 'yar tata ta zo kuwa? Ta yafe mata?" 'Yar da suke nufi ita ce Yaya, yayata uwa ɗaya uba ɗaya, wadda Gwaggo ta ɗauka riƙo tun daga yaye saboda Allah bai ba ta haihuwa ba. Shekara da shekaru Yaya ba ta taka ƙofar ɗakin Gwaggo ba. Ban amsa wa kowa ba a lokacin. Yanzu zan amsa sau ɗaya a rubuce, don na gaji da jin labarin daga bakin waɗanda ba sa wurin. Amma sai na fara faɗin wace ce Gwaggo, domin na ga take-taken mutane: so ake a rufe ta da addu'a a manta da ita, ni kuwa ban yarda ba. Ba wai don ƙaunarta ta cika mini ciki ba. Tsoronta na fi ji, kuma har yanzu ina jin haushinta.

Gajeruwa ce, siririya, farin kayanta kullum a sandare da sitaci, da agogo maƙale a ƙirji. Ba ta ɗaga murya. In Gwaggo ta rage murya ta kira ka da sunan aikinka, to, ka nemi inda za ka sa kanka. Ni malamar firamare ce, na san yadda ake tsorata yara, amma ko rabinta ban kamo ba, ita da manya take yi wa.

Kafin ta karɓi wurin, kowa gabansa yake ci. Malamin magani yana tagarsa yana miƙa ƙwayoyi. Ungozoma tana ɗakinta. Duba-gari yana yawon leƙa randunan mutane. Likita sai ya zo daga Minna jefi-jefi ya duba ya koma. Wanzamai da ungozomomin gida kuwa kallon abokan gaba ake yi musu. Gwaggo ta ce wannan ba asibiti ba ne, kasuwa ce. Abin da take yawan faɗa shi ne, mara lafiya ba safai yake mutuwa a hannun mutum ɗaya ba. Yana faɗuwa ne lokacin da wannan ya saki kafin wancan ya kama. A kan wannan magana ta gina rayuwarta duka, da ta mutane.

Abu na farko da ta kafa shi ne zaman Litinin. Tabarma ɗaya ce babba a gindin mangwaro bayan ɗakin magani, ba kujera. Likita in yana gari sai ya cire takalmi ya zauna kusa da wanzami. Direba na nan, mai shara na nan, da wata tsohuwa Bagwariya mai karɓar haihuwa a ƙauyukan hanyar Izom, da lofenta na shan taba a baki, Gwaggo na yi mata tafinta don ta ji Gwaranci. Za a ɗauko marasa lafiyar makon ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi abin da ya gani da abin da ya yi.

Wata shekara yaran wani layi a unguwar Wambai suka yi ta zuwa da gudawa. Malamin magani ya ba su magani su tafi, bayan 'yan kwanaki su dawo. Shi da duba-gari ba sa ga maciji, wai tun kan maganar wurin zama a wani biki, saboda haka bai taɓa gaya masa yaran layi ɗaya ba ne. Shi kuma duba-gari ya san rijiyar layin ta yi kusa da masai, amma ya ce ba wanda ya kawo masa ƙara. Ran Litinin Gwaggo ta zo da ƙwarya cike da ruwa ta dire a tsakiyar tabarma.

"Daga rijiyar layin na ɗebo," in ji ta. "Malam, bismilla. Duba-gari, kai ma bismilla."

Malamin magani ya yi 'yar dariyar yaƙe ya ce, "Haba Sista, ai ni na riga na karya."

"Su ma yaran sun karya kafin su sha. Ku sha."

Ba su sha ba, ita ma ba ta ɗauke ƙwaryar ba. Magidanta ne masu iyali, ta bar su zaune kowa na kallonsu har inuwar mangwaron ta janye. Sai da duba-gari ya ɗauka ya kai baki, sannan ta buge ƙwaryar ta zube.

"Wanda aka binne jiya a layin nan bai kai shiga makaranta ba," in ji ta. "Shi ba wanda ya buge masa."

Kafin Juma'a an toshe rijiyar an fara haƙa wata. Su biyun sun yi aiki tare daga ranar, sun kuma haɗa kai a kan ƙin jininta. Dukansu sun zo makoki, kusa da juna suka zauna.

Abu na biyu shi ne miƙawa. A wurin Gwaggo ba ka barin mara lafiya sai ka tsaya gaban wanda zai gaje ka, ido da ido, ka faɗa masa abin da ke damun mutumin, abin da aka yi, da abin da ake tsoro, ka ce, "Na miƙa." Ba za ka ɗaga ƙafa ba sai ya ce, "Na karɓa." Ba aike, ba saƙo, ba "na bar wa wance ta gaya miki." Direban nan da ya yi kuka ya taɓa kai wani mai karaya Minna, ya sauke shi a ƙofar asibiti ya juyo. Gwaggo ta tambaye shi wa ya ce ya karɓa. Ya ce akwai mutane da yawa a wurin. A ranar ta mayar da shi Minna da mota ba kowa a ciki, don kawai ya jiyo kalmar ya kawo mata.

Abu na uku shi ne wanda ya sa ake ƙinta. In mutum ya mutu a hannunsu kuma ta ga akwai sakaci, dukansu za su shiga Landirofa, motar asibiti, su je gidan mamacin gaisuwa. Wannan ba laifi, da farko har yabawa aka yi. Amma Gwaggo ba ta tsayawa a "Allah ya ba da haƙuri." Bayan addu'a sai ta ce wa masu gida, "Mun zo mu gaya muku inda muka saki." Sannan ta sa mai laifin ya faɗa da bakinsa, a gaban uwar mamaciya da mijinta da 'ya'yanta. Limamin unguwarmu ya taɓa aiko mata cewa wannan ba al'adarmu ba ce, mutuwa ta Allah ce, kwana ne ya ƙare. Ta ce wa ɗan aiken, "Ka ce masa na sani. Kwanan na Allah ne. Sakacin namu ne, shi nake kai wa masu shi."

Da yawa sun nemi canjin wurin aiki saboda wannan. Waɗanda suka daure suka zauna, daga baya rububinsu aka dinga yi.

Kada a ce na ɓoye alherinta. Shekarar da aka yi annobar amai da gudawa, baƙi sun yi ta mutuwa a tasha da bakin kasuwa ba dangi. Mata suka ji tsoron taɓa gawa. Gwaggo ce ta dinga wanke matan, ita da Yaya, a wani ɗaki bayan asibiti, ta kuma yayyage fararen zannuwan gadonta aka yi likkafani. A nan ta koya wa Yaya wankan gawa, kamar yadda ta koya mata komai, ba tare da ta ce madalla ba. Wata rana a wannan lokacin na kai musu abinci, na tarar da ita a tsaye ta goya jaririn wata Bafillata da ta rasu, tana jijjiga shi tana yi masa waƙa ƙasa-ƙasa. Ban taɓa sanin tana da waƙa a baki ba. Da ta gan ni sai ta ɗaure fuska ta ce, "Me kike kallo? Ba ki da aikin yi ne?"

Yaya ita ce abin alfaharinta, ko da yake sai dai ka gane da kanka. Ita ta kai ta makaranta, ita ta tura ta karatun ungozoma, ta dawo ta zauna ƙarƙashinta. Kowa ya san duk ɗakin haihuwar ba mai hannun Yaya. Mata har tambaya suke yaushe take aiki kafin su yarda naƙuda ta kama su sosai. Amma a zaman Litinin Gwaggo ba ta taɓa ce mata 'yata ba. "Ungozoma ta biyu" take kiranta. Yaya ta yi aure, ta haifi ɗa namiji, ta ci gaba da aiki, yaron yana wuni wurin Inna, mahaifiyarmu.

Bai daɗe da yaye ba ƙyanda ta shigo gari ta kama shi. Ranar wata Juma'a Gwaggo tana Lambata tana koyar da ma'aikata, Yaya tana aikin safe. Wata mata daga wani ƙauye gaba da Izom ta haihu da hantsi lafiya, sai dai jini bai gama tsayawa ba. Lokacin tashin Yaya ya yi, ungozomar yamma ba ta iso ba. Sai ga aike daga gida cewa numfashin yaro ya canza. Yaya ta ɗan jira, ta sake duba matar, ta ga kamar da sauƙi, ta ce wa mai shara, "In ta zo ki ce ta duba ta gadon ƙarshe, tana ɗan zubar da jini." Ta ɗauki mayafi ta ruga. Ungozomar yamma ta iso mai shara ta tafi ɗiban ruwa. Da aka farga, malamin magani ya riga ya kulle kabad ɗin magani ya tafi masallaci da makulli a aljihu, direba ma yana can. Kafin la'asar matar ta cika. Jaririn ya rayu.

Washegari da safe Landirofa ta tsaya a ƙofar gidanmu. Ina ɗakin Inna. Yaya na zaune da yaron a cinya, idanunsa a manne, ƙirjinsa na ɗagawa yana faɗawa. Gwaggo ta shigo da farin kayanta, ta durƙusa ta sa abin sauraro a ƙirjinsa ta daɗe, ta yi masa allura, ta miƙe.

"Tashi," ta ce wa Yaya. "Mota na jira."

"Gwaggo, ki dubi yaron nan."

"Na dube shi. Abin da za ki yi masa a zaune, uwarki za ta yi. Tashi."

Inna ta ce, "Gwaggonsu, ki dubi Allah ki bari sai jibi."

"Waccan ma 'yar wasu ce. Yau suke zaman makokinta, ba jibi ba."

Baba yana tsaye a bakin ƙofa. Ƙaninta ne, kuma tunda nake ban taɓa ganin ya haɗa ido da ita ba. Kalma ɗaya daga bakinsa da ta isa, gidansa ne, jikansa ne. Sai ya gyara hula ya fita zaure. Wannan fitar tasa har gobe tana ci mini rai.

Yaya ta yunƙura za ta sa yaron a cinyar Inna. Gwaggo ta ce, "Miƙa shi yadda aka koya miki."

Na ji da kunnena. Yaya ta durƙusa gaban uwar da ta haife ta, ta ce yana da zazzaɓi, numfashinsa na sama-sama, an yi masa allura, a dinga ɗiga masa ruwa da cokali, a ɗaga kansa. Ta ce, "Na miƙa." Inna ta rungume yaron tana hawaye.

"Ba ta amsa ba," in ji Gwaggo.

Inna ta ce, "Na karɓa."

Abin da ya faru a ƙauyen, direba ne ya ba ni labari daga baya. Bayan addu'a Gwaggo ta yi magana da Gwaranci, ta maimaita da Hausa. Ta faɗi makullin da aka tafi da shi masallaci, ta faɗi motar da ba direba, ta faɗi ungozomar da ta makara. Ta faɗi nata ma, cewa ta yi tafiya ba ta bar mai tsaya mata ba. Sannan ta nuna Yaya ta ce, "Amma wadda ta fara saki ga ta nan. 'Yata ce, ni na raine ta." Ranar ce kaɗai ta kira ta 'yarta a gaban mutane. Yaya ta durƙusa a tsakar gidan ta faɗi abin da ta yi. Uwar mamaciyar ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta ɗauko jaririn ta ɗora wa Yaya a cinya, ta koma ta zauna. Haka Yaya ta riƙe shi har suka tashi.

Namu yaron ya cika wajen azahar a hannun Inna. An yi ruwa a hanyar Izom, mota ta kafe a laka, maza suka jira har bayan la'asar suka ce ba a ajiye gawa. Yaya ta shigo gab da magariba ta tarar an kakkaɓe tabarma. Ko fuskarsa ba ta gani ba. Inna ta kama ƙafafunta tana cewa, "Na ce na karɓa, ban riƙe ba, 'yar nan, ban riƙe ba."

Gwaggo na tsaye a tsakar gida. Ta ce, "Allah ya ji ƙansa, ya sa mai ceto ne." Ta juya ga Yaya. Ta ce, "Na ba ki hutun mako biyu."

Yaya ta cire farar hularta ta aiki ta ajiye a kan turmi. Ba ta sake sa ta ba.

Ta koma ɗakin mijinta a Wambai ta sayi keken ɗinki. Labarin ƙauyen ya riga ta isa gari, ya kuma ƙara kitse a hanya. Akwai masu ciki da in sun hango ta sai su sauya layi. Daga baya da aka manta, wasu suka dinga zuwa a asirce in haihuwa ta yi gardama. Takan ce, "Ku kai ta asibiti, ni tela ce."

Gwaggo kuwa sai gaba. Da ta yi ritaya ma sai aikin ya ƙaru. Ana kiranta Bida, ana kiranta Kontagora ta koya wa ma'aikata yadda ake zama tabarma ɗaya. Da aka fara aikin sabon birni, gari ya cika da baƙi daga Kano da Zariya masu neman ɗakin haya, masu kwangila suka dinga aiko mota ta je ta tsara musu ɗakin maganin leburori. Duk inda ta je tana ba da labarin waccan Juma'ar, na ungozomar da ta bar saƙo wurin mai shara. Ba ta faɗin suna, amma wa ye bai sani ba? Ta mai da 'yarta darasi. Kuma darasin ya ci, wannan ne abin takaicin. Ban ƙirga ba, amma matan da suka zo makokinta da goyo suna cewa ɗalibarta ce ta cece su, su suka cinye mana tabarmi.

Sau ɗaya na yi faɗa da ita, bayan ta yi ritaya. Na same ta tana guga, na ce, "Gwaggo, da kin bar Yaya a gida ranar nan, da yaron ya tashi?"

"Ba zai tashi ba. Na ji ƙirjinsa. Na san ba zai kai yamma ba."

Na ce, "Kin sani, kika ɗauke ta?"

"Na sani." Ko dutsen gugar ba ta ajiye ba. "In na bar tawa ranar nan, ta wa zan sake ɗauka?"

Na faɗa mata maganganun da ba a faɗa wa yayar uba. Ta bari na gama, ta ce in zan fita in ja mata ƙofa.

Bazarar da ta wuce ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta ya shanye, harshenta ya yi nauyi. Ni da Inna muka yi jinyarta. Inna ce ke juya ta tana share ta, Innar da aka sa ta ce na karɓa. Ko a kwance Gwaggo ba ta bari ba: in zan tafi makaranta na bar ta da Inna, sai ta kafe mu da ido ɗaya mai motsi har sai mun yi miƙawar. Wata rana ta jawo zanina da hannunta mai lafiya, da ƙyar na gane abin da take cewa: "Ita za ta wanke ni."

Na san Yaya take nufi, na tafi Wambai. Yaya na kan keke, ba ta tsayar da ƙafa ba har na gama.

"Ta ce in yafe mata?"

"Ba ta ce ba."

"To."

Na dawo na durƙusa kusa da kunnen Gwaggo na ce, "Gwaggo, in koma in ce kin nemi gafararta?" Roƙonta nake, wallahi, kalma ɗaya nake so in ɗauka in kai. Ta juya kai a kan matashi. "A'a. Wanka na ce."

Ranar Larabar da ta cika aka aika Wambai. Maza suka tafi haƙa kabari, mata suka ɗora ruwa, muka zauna muna kallon ƙofa. Hadari na haɗuwa ta gabas. Tsohuwar da ke wankan gawa a unguwa ta fara naɗe hannun riga tana cewa kada a ɓata lokaci. Sai ga sallamar Yaya. Ta shigo da ƙullin kaya a hannu: ganyen magarya, kafur, turare, da likkafani ɗinkakke. Ashe tun ranar da na kai saƙo ta ɗinka ta ajiye.

Ni na zuba mata ruwa. Ta yi mata alwala, ta wanke dama, ta wanke hagu, ta tsefe furfurar ta kitse ta gida uku. A hankali take juya ta kamar mai juya jariri, tana tallafe ɓarin da ya shanye. Ba ta yi hawaye ba, ba ta yi gaggawa ba. Abin da ta ce mini duka bai wuce "zuba" da "ya isa" ba. Ban taɓa ganin an yi wa gawa wanka mai kyau irin wannan ba, har zuciyata ta fara cewa shi ke nan, ta huce.

Da aka ɗaure likkafani, Baba ya zo bakin ƙofa da maza a bayansa da makara. Inna ta kama hannun Yaya ta ce, "'Yar nan, kafin a fita da ita ki ce kin yafe. Ni ma na yafe mata."

Baba ya ce daga bayan labule, "Ki yafe mata, uwarki ce."

Yaya ta ɗaga labulen ta tsaya gabansa, ido da ido. Ta ce, "Baba, ga ta nan. An yi mata alwala, an wanke ta, an sa kafur, an ɗaure. A tallafi hagunta in za a ɗaga. Na miƙa."

"Yafiyar fa?"

"Na miƙa, Baba."

Ta tsaya ba ta motsa ba. Maza na jira, an fara yayyafi. Baba ya dubi ƙasa, ya dubi makara, ya taɓa hularsa. Wannan karon ba zauren da zai fita, ƙofar cike take da mutane. Ya ce, "Na karɓa."

Yaya ta je bakin randa ta wanke hannu har gwiwa, yadda aka koya mata, ta yafa mayafinta. Ta ratsa ta cikin mata tun makara ba ta fita ba. Na bi ta na cim mata a soro na riƙe gefen mayafin.

"Yaya, ko don Allah?"

Ta dube ni, idonta a bushe. Ta ce, "Duk abin da ta koya mini na yi mata. Wanda ba ta koya mini ba, ba ni da shi."

To, ku da kuka yi ta tambayata, ga amsarku: ta zo, ba ta yafe ba. Allah ya yi wa Gwaggo rahamar da ba ta iya yi wa nata ba. Ya ji ƙan yaronmu, ya ji ƙan matar nan ta bayan Izom da ban taɓa sanin sunanta ba. Yaya tana nan Wambai, jiya ma na wuce na ji ƙarar kekenta.